Daga mastas zuwa tsinkar tumatir: yadda na nemi aiki a ƙasar Holan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da Allah ya sa na samu aiki a nan ƙasar Holan mutane ke ta turo min saƙo, wasu ƙannen abokaina ne wasu kuma ko sanin su ban yi ba, tambayar dai ɗaya ce wai ya ake yi mutum ya samu aiki a can, kuma amsar ba ta layi biyu ba ce, shi yasa nace bari in zauna in faɗi nawa labarin tiryan-tiryan yadda ya faru, da daɗin da rashin daɗin, wanda zai ɗau wani abu a ciki ya ɗauka.

Ni mutumin Kura ne a jihar Kano, mahaifina manomin rani ne a Kadawa, tumatir da albasa da ɗan alkama in shekara ta yi kyau, tun ina firamare nake bin motar kaya zuwa Kwanar Gafan inda ake loda kwanduna a wuce da su Legas. Na karanta aikin gona a Zariya, bayan bautar ƙasa na yi wasu shekaru ina aiki da wata ƙungiya da ke koya wa manoma dabarun noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam. Ina cikin wannan aikin ne a 2016 tsutsar nan da manomanmu suka sa wa suna sharon, wadda a littafi ake kira Tuta absoluta, ta shigo ta cinye tumatir ƙurmus, gonar Baba ma ba ta tsira ba, na ga dattijai suna tsaye a bakin gona sun rasa abin cewa. Ku riƙe wannan maganar don za ta dawo.

Kafin in zo abin da na sani game da Holan bai wuce atamfar Holan ta cikin lefe ba, sai madarar Peak, sai 'yan ƙwallo su Robben da Van Persie. A 2021 na samu tallafin karatu zuwa jami'ar Wageningen, wadda duk wanda ya karanta noma ya san sunanta, na tafi na bar matata da yarinya ɗaya a gidanmu. Shekara biyu na karatun nan sun wuce da wahalarsu amma wahala ce mai tsari, kana da ɗaki kana da kuɗin abinci duk wata, kowa a aji Turanci yake yi, malamai ma haka, har mutum ya ɗauka ai ƙasar gaba ɗaya haka take. Abokaina da suka zo da tallafin gwamnatin Holan na Orange Knowledge suna gamawa suka koma gida don sharaɗinsu kenan, ni nawa bai zo da wannan sharaɗin ba, sai muka yi shawara da Baba da matata aka ce in tsaya in gwada.

Ga yadda tsarin yake. In ka gama digiri a jami'arsu kana da ikon neman takardar zama ta shekara ɗaya daga hukumar shige da fice tasu, IND, sunan takardar zoekjaar, a cikin shekarar nan kana iya yin kowane irin aiki ba tare da wani ya nema maka izini ba. Amma shekara ɗaya ce tak, ba a sabunta ta. Kafin ta ƙare dole ka samu kamfanin da zai ɗauke ka a matsayin ƙwararren ma'aikaci, kuma ba kowane kamfani ba, sai wanda IND ta amince da shi ya tsaya wa baƙo, akwai jerin sunayensu a shafin hukumar kowa na iya dubawa. Sannan albashin ma akwai iyakar da ba za a gaza ba, a 2024 wanda ya kai shekara 30 sai an biya shi aƙalla yuro 5,331 a wata kafin haraji, wanda bai kai 30 ba 3,909, amma mu da muka gama karatu a ƙasar an sassauta mana zuwa 2,801. Ni na haura 30, kun ga ke nan wannan sassaucin shi ne duk jarina. Tawa takardar ta fara aiki a watan Satumba na 2023.

Abu na farko da ya fara kwance min kai ba ma aikin ba ne, ɗaki ne. Ɗakin ɗalibai na ɗalibi ne, ka gama karatu sai ka tattara. A ƙasar nan kuma adireshi shi ne mutum, in ba ka yi rajista da ƙaramar hukuma a wani gida ba to wasiƙar IND da ta banki da ta inshora duk ba inda za su same ka, ga ƙarancin gidaje da su kansu 'yan ƙasar kuka suke da shi. Za ka ga tallar ɗaki an rubuta ƙarara ba a son baƙi, sai mai jin Holanci. Da ƙyar wani ɗan Sudan da muka yi karatu tare ya haɗa ni da wani ɗan Turkiyya mai gida a birnin Hague kusa da babbar kasuwar nan ta Haagse Markt, ɗaki ne ƙarami a saman bene, gado da teburi suka cika shi, amma ya yarda in yi rajista da adireshin, wannan kaɗai ya isa in gode wa Allah.

Daga nan na duƙufa. Da asuba in na idar da sallah sai in buɗe kwamfuta, LinkedIn, shafukan kamfanonin iri da na taki da na kayan ban ruwa, in gyara CV in rubuta wasiƙar neman aiki in tura. Amsar kusan iri ɗaya ce kullum, mun gode da sha'awarka amma mun zaɓi waɗanda suka fi dacewa, wasu ko amsar ma babu. Abin da ya fi ci min rai shi ne za ka ga talla an rubuta ta da Turanci tsaf, ka karanta ka ga kai ake nufi, sai can ƙasa ka ga an ce dole mutum ya iya Holanci sosai. Kusan kowa a ƙasar nan yana jin Turanci, hatta mai sayar da kifi, wannan ne ke yaudarar baƙo ya shekara biyu bai koyi yaren ba, amma jin Turanci daban, yarda a zauna da kai a ofis kowa ya canza harshe saboda kai kaɗai daban. Manomi ɗan Holan in zai yi maganar cutar da ta kama masa shuka da yarensa yake so ya yi.

Kuɗi kuma suna ta tafiya. Tallafin karatu ya tsaya, haya na nan, abinci na nan. A gida kuwa lokacin ne naira ke ta faɗuwa, farkon 2024 yuro ɗaya ya haura naira 1,500, kowa lissafi yake min da wannan farashin, wannan ɗansa ba lafiya wancan kuɗin makaranta wancan taki yake so, ba wanda ya san ni ma ƙirga kwabbai nake kafin in shiga kanti. Umma kaɗai ce in mun yi waya ba ta tambayar komai sai ta ce kana cin abinci dai ko, muryarka ta canza.

A watan Nuwamba na je wani kamfanin dillancin ma'aikata, irin waɗanda suke kira uitzendbureau, su ne ke ɗibar leburori su kai su rumbunan kaya da mayanka da gonaki. Matar ta dubi CV ɗina tace kai da mastas me za ka yi a nan, nace aiki nake so ko wane iri ne. Ta tura ni Westland, yankin da ke tsakanin Hague da Hoek van Holland, garuruwa irin su Naaldwijk da De Lier da Poeldijk, inda duk inda ka waiga gidajen gilashi ne iya ganinka, da dare sama har ja take yi saboda fitilun da ake kunna wa shuka. Sun ce za su ba ni wurin kwana a cire a albashi, ɗan Sudan ɗin nan ya ce min kul, don duk ranar da suka ce ba aiki to ranar za ka rasa gadon ma, kuma na ga hakan da idona a kan wasu 'yan Romaniya da muka yi aiki tare. Sai na zaɓi in riƙa tuka keke daga Hague, in fita duhu in dawo duhu, ga iskar teku da in ta taso sai ka ga kana taka keke amma ba ka gaba, ga ruwan sama mai sanyin da ke shiga har ƙashi.

Bari in ɗan tsaya a kan gonar nan don ni ɗan manomin tumatir ne kuma abin da na gani ya girgiza ni duk da na karanta shi a aji. Babu ƙasa ko kaɗan, shukar a cikin wani abu mai kama da soso take, ruwa da taki ta siririn tiyo suke zuwa mata ɗigo-ɗigo, kwamfuta ce ke lissafa komai har zafin ɗakin. Tsiro ɗaya ana ɗaure shi da zare yana hawa sama, in ya kai sai a sassauto shi a kwantar gefe ya ci gaba, kafin ƙarshen shekara ya haura mita 10 kamar igiyar guga. A tsakanin layuka akwai bututun ruwan zafi guda biyu a ƙasa, su ne ke ɗumama wurin kuma a kansu ne keken aiki ke tafiya, ka hau ya ɗaga ka sama kana murɗa kan shukar a jikin zare kana cire 'yan rassan da ba a so. Akwai akwatunan wasu manyan ƙudan zuma da aka saya musamman don su yi barbarar fure. A murabba'in mita ɗaya suna cire fiye da kilo 50 a shekara. Kafin ka shiga sai ka sa rigar da suka ba ka, ka wanke hannu ka taka maganin kashe cuta, kuma an hana ka zuwa da tumatir ko tattasai a cikin abincinka saboda wata cutar bairos da suke tsoro ƙwarai. Kowane layi ka shiga sai ka danna lambarka, ka fito ka danna, ƙarshen mako oga ya san wa ya yi sauri wa ya yi nawa. A farkon 2024 mafi ƙarancin albashi yuro 13.27 ne a awa, shi ake ba mu, a ciki kuma zan biya inshorar lafiya wadda dole ce ga duk mai aiki, wajen yuro 140 da wani abu duk wata a lokacin.

Yawancin abokan aikina 'yan Folan ne da Romaniya da Bulgeriya, sai 'yan Turkiyya da Maroko kaɗan. Lokacin sanyi rana gajera ce, azahar wajen 12:40, la'asar biyu da 'yan mintoci, magariba huɗu da rabi, duk a cikin lokacin aiki. Wani dattijo ɗan Maroko ne ya nuna min wani lungu bayan tankin ruwa inda ya ajiye kwali, nan muke sallah a lokacin hutun shan shayi, ba wanda ya taɓa hana mu.

Ban gaya wa kowa a gida ba sai matata. A CV ma ban sa ba. A ganina wanda aka yi wa walima aka ce ya tafi Turai karatu, a ce yana tsinkar tumatir ɗin da ya baro a Kadawa, maganar ba ta faɗuwa.

Cikin wannan halin aka yi zaɓen 22 ga Nuwamba 2023, jam'iyyar Geert Wilders ta zo ta ɗaya da kujeru 37 cikin 150, mutumin da ya shekara da shekaru yana faɗin abin da yake faɗa a kan Musulunci da baƙi. Washegari a wurin aiki dattijon nan ɗan Maroko ko magana bai yi ba, mutumin da ya fi shekara 30 a ƙasar, 'ya'yansa duk a nan aka haife su. Ni kuwa ina tuka keke ina kallon gidajen mutane ina tunanin cikin kowane gida huɗu akwai wanda ya zaɓi a ce ba a so na. Masu tambayata ko akwai wariya a neman aiki a Holan, eh akwai, ba zan ɓoye muku ba, su kansu sun sani, tun 2010 wata cibiyar bincike ta gwamnatinsu, SCP, ta fitar da rahoton yadda ta tura takardun neman aiki iri ɗaya da sunaye daban-daban ta ga mai sunan baƙi ba a kiransa kamar mai sunan 'yan ƙasa. Wani ya ba ni shawara in gajarta sunana a CV yadda ba za a gane ba, na ƙi, sunan da Baba ya yanka min rago da shi ba zan datse shi don wani ya kira ni intabiyu ba. Amma kuma in na ce duk ƙin da aka yi min wariya ce na yi ƙarya, don ga abin da ya faru.

A watan Janairu wani kamfanin iri da ke can arewa wajen Enkhuizen, inda kamfanonin iri suka taru, ya kira ni intabiyu. Na ɗau hutu, na goge kaya na sa kwat, na hau jirgin ƙasa. Mutum biyu ne, mace da namiji, namijin da wandon jins da rigar sanyi, ashe shi ne shugaban sashen. Suka tambaye ni aikin da na yi a Najeriya, na yi bayani yadda aka koya min magana a gaban manya, na sunkuyar da kai, ina cewa mun yi kaza ƙungiyarmu ta yi kaza da taimakon shugabanninmu, da suka ce kana da tambaya nace babu na gode. Na fito ina ganin na yi ladabi iya ladabi. Bayan kwana kaɗan matar ta kira ni tace ba su ɗauke ni ba, nace don Allah ko za ki gaya min dalili. Wallahi ba ta ɓoye komai ba. Tace takardunka sun fi na wanda muka ɗauka, amma mun yi awa guda da kai ba mu san me kai ka yi da hannunka ba, komai ka ce mu, ba ka kalle mu ba, ba ka musa mana ko sau ɗaya ba alhali abokin aikina da gangan ya faɗi wani abu da ba daidai ba a kan noman rani don ya ji me za ka ce, kuma ba ka tambaye mu komai ba sai muka ɗauka aikin bai dame ka ba.

Na daɗe zaune a bakin gado da wayar a hannu. Na ji lokacin da mutumin ya faɗi maganar nan, na san ba haka ba ne, na yi shiru ne don ba a ƙaryata babba a gaban mutane. Mu an tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne, yaro ba ya zura wa babba ido, kuma har gobe ina ganin tarbiyya ce mai kyau, ita nake so 'yata ta tashi da ita. Sai dai mutanen nan ba su iya karanta ta ba sam. Abin da muke kira kunya da kawaici su a wurinsu ko dai ba ka san komai ba ko kana ɓoye wani abu. Tun suna yara ake tambayarsu ra'ayinsu a teburin cin abinci, yaro ya ce wa malaminsa ban yarda ba kuma a yaba masa.

Ranar wata Juma'a da ba aiki na je Amsterdam unguwar Bijlmer inda 'yan Ghana suke da yawa, cikinsu akwai Hausawan zango na Kumasi da Accra, in kewar Hausa ta dame ni can nake zuwa in ci waakye in ji ana hira. Akwai wani dattijo da muke kira Baba Alhaji, tun shekarun 1980 yake ƙasar, ya yi aikin share-share ya yi na filin jirgi har ya yi ritaya. Na kwashe komai na gaya masa. Yace ɗana, mutanen nan ba su san zurfin ciki ba, abin da ke bakinka shi ne kai. In ka iya ka ce na iya, in ba ka iya ba ka ce ban iya ba, duka biyun za su girmama ka. Sannan yace ka bar tura takarda kana jira, ka ga lambar wayar da suke sawa a ƙasan talla, don a kira aka sa ta, kira ka yi tambaya su ji muryarka. Kuma ka koyi yarensu ko da gurgu ne, mu da muka ƙi koya da wuri ga inda muka tsaya.

Na bi maganarsa. Ɗakin karatu na unguwa suna da zaman koyon yare kyauta, tsofaffi masu ritaya ne ke zuwa su zauna da baƙi ana hira, na fara zuwa da yamma a gajiye ina warin ganyen tumatir. A gona ma na daina amsa wa shugaban layi da Turanci, in ya yi min Holanci in mayar masa da nawa a karye.

Azumin 2024 ya kama 11 ga Maris, lokacin an fara tsinka. Wata safiya ina kan keken aiki a wani layi can kusa da bango sai idona ya faɗa kan wani ganye, wani farin tabo mai faɗi wanda in ka ɗaga shi a haske kana ganin ɗan baƙin kashi a ciki. Gabana ya faɗi don na san shi farin sani, na tsaga ganyen da farce sai ga 'yar tsutsar. Sharon ce. Na duba tsirrai na gaba na samu wasu. A da da shiru zan yi in ce ba hurumina ba ne ni lebura, masu gona suna da masana, amma na sauko na je na samu shugaban layi na nuna masa nace a kira mai gona yanzu. Mai gonar ya zo, wani dogo mai kimanin shekara 50, ya karɓi ganyen ya juya shi yace tarkonsu bai nuna komai ba tukuna, ka tabbata? Na kalle shi cikin ido nace na tabbata, ba ƙudan ganye ba ne don nasa layi ne siriri mai lanƙwasa, wannan faɗi ne da shi, kuma in ka duba layukan gefen bango inda ya fi ɗumi za ka samu ƙari, na ga yadda ta cinye gonaki a ƙasarmu a 2016 har da ta mahaifina. Ya aika aka duba aka samu. Suka ƙara tarko, aka tsinke ganyayen aka zuba a leda aka ɗaure, suka ƙaro ƙwarin da suke saki su cinye ƙwanta.

Da aka tashi ya kira ni ofis ya tambaye ni ina na san wannan, na gaya masa Kadawa, na gaya masa Wageningen. Ya yi shiru sannan yace to me kake yi a kan keken tsinka wata huɗu ba ka faɗa ba? Yace shi ba zai iya ɗauka ta ba don ba ya cikin jerin IND kuma ba shi da gurbin da zai kai albashin, amma akwai wakilin wani kamfanin iri da ke zuwa duba masa shuka, ya san suna sayar da iri a Afirka ta Yamma, zai ce masa ya sha kofi da ni. A ƙasar nan shan kofi ba wasa ba ne, rabin ayyukan a nan ake ƙulla su, mutum ya ba ka minti 30 ba alkawarin komai ku yi hira, in ka burge shi ya tura ka gaba.

Ranar da muka haɗu ya miƙo min kofi nace ina azumi, yace to ba damuwa in sha nawa? nace bismillah. Ya tambaye ni me yasa manoman Najeriya ba sa sayen irinsu yadda suke tsammani alhali ya fi yabanya. Nace masa don kuna kallon nauyin abin da aka girba ne kawai, manomin Kura kuma yana kallon ko tumatir ɗin zai kai kasuwar Mile 12 a Legas cikin kwando a bayan mota kwana biyu cikin rana bai fashe ba, dillali tauri yake latsawa kafin ya yi ciniki, sannan kun ƙulla iri a babbar leda mai tsada alhali mutumin da ke da 'yar gona ƙaramin ƙulli yake iya saya, kuma ba ya yarda da takarda sai ya ga gonar maƙwabcinsa. Ya musa min a kan wani abu na musa masa, ya fito da littafi yana rubutawa. Da na koma gida na gyara CV na sa aikin Westland a sama, na sa cewa ni ɗan manomi ne, na sa Hausa a jerin harsunan da nake ji, wanda a da ban taɓa tunanin wani zai kula da shi ba.

Bayan sallah suka kira ni intabiyu zagaye biyu, a watan Yuni na sa hannu a kwantiragin shekara ɗaya, su suka tura wa IND takarduna, cikin 'yan makonni amsa ta fito, saura wata biyu da wani abu takardata ta ƙare. Na yi sujjada a ɗakin nan na saman bene na kira Umma, ranar ce kuma na gaya wa Baba gaskiyar inda na yi watannin nan. Yace to da me ka ci abinci tun kana yaro in ba tumatir ba, sai tambayoyi yake ta yi min a kan yadda ake shuka ba ƙasa.

Aikina yanzu bin diddigin gwajin iri ne a Najeriya da Nijar da Ghana, ina waya da manoma da dillalai da Hausa daga ofis a Holan, ina zuwa gida lokacin noman rani. Albashin ya ɗan haura iyakar da aka sa amma kada wanda ya buga shi da naira ya ruɗe, haraji na cin nasa haya na cin nata, kuma rangwamen harajin nan na kashi 30 da ake ba ƙwararrun da aka ɗauko daga waje ni ban samu ba saboda a cikin ƙasar nake zaune lokacin da aka ɗauke ni. Abin da ke ɗan faranta rai shi ne kuɗin hutu na kashi 8 da ake biya a watan Mayu.

Zaman ofis ɗin ma sai da na koya. Shugaban kamfani da sunansa ake kiransa gatsau, wannan har yau nauyi yake min a baki. Abincin rana burodi ne da cuku a yi minti 30 a koma. Komai sai an yi taro an ji ta bakin kowa, in ka yi shiru a juyo a ce kai me ka gani. Ƙarfe biyar kowa ya kama gabansa, ogana ma ranar Laraba ba ya zuwa don ranar renon 'ya'yansa ce. Ranar Juma'a da yamma suna zama shan giya, na gaya musu tun farko ba na sha kuma ba na son zama a kanta, ina tsayawa a gaisa in wuce, sannan na nemi a ba ni lokacin sallar Juma'a in rama awannin da safe, aka rubuta aka amince ba wani ja-in-ja. Na lura in ka faɗi abu a fili tun farko sun fi ganewa da a ce ka riƙa zamewa kana kawo uzuri. Akwai dai wanda har yau in an yi wani abu a labarai sai ya zo ya tambaye ni wai me Musulmi ke cewa, kamar ni aka naɗa wakili, ina ba shi amsa daidai gwargwado in koma kan aikina.

An sabunta min kwantiragi karo na biyu, ba na dindindin ba ne tukuna, a dokarsu bayan kwantiragi uku ko shekara uku dole a mayar da mutum na dindindin ko a sallame shi, kuma takardar zamana a jikin aikin take, in ya tafi 'yan watanni kaɗan ake ba mutum ya samu wani, don haka hankali bai gama kwanciya ba. Matata da 'yata sun iso bayan doguwar wahalar neman gidan da zai ɗauke mu, yarinyar ta shiga makaranta har ta fara gyara min Holanci. Ita kuma uwar tana da izinin aiki kai tsaye ta dalilin takardata, malamar makaranta ce a gida da NCE ɗinta, mun tura takardunta a tantance darajarsu a tsarin nan, aikin kula da yara take so amma sun ce sai Holancinta ya yi ƙarfi sosai, yanzu haka kullum da safe tana ajin yare, da yamma kuma mu zauna ina yi mata tambayoyin intabiyu tana amsawa, in ta sunkuyar da kai in ce ɗago ki kalle ni. Ku sa mu a addu'a.